Ranar da Hannun Hagu Ya Kada Ni a Lyon

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na hau jirgi a Lyon ina matuƙi mai shekara goma sha ɗaya a sama, na sauko ina neman inda zan ɓoye fuskata.

Ni matuƙin helikwafta ne, jirgi mai saukar ungulu, kuma ina da izinin tuƙa shi cikin gajimare, wato ba ka ganin ƙasa, sai agogunan gabanka kawai kake bi. Girgizar jirgin ta cinye mini baya, likita ya ce in sake tunani. Ana haka wani kamfani mai ɗaukar marasa lafiya a ƙaramin jirgi mai fukafukai ya ce zai ɗauke ni, in dai na kawo irin wannan izini na jirgin fukafukai kafin ƙarshen wata.

Sharuɗɗan ba su ba ni tsoro ba. Permi, wato lasisin tuƙi, na ƙaramin jirgi ina da shi, takardar likita tana nan, awoyin tafiya daga gari zuwa gari na cika su. Awoyin horo ma an rage mini saboda izinina na helikwafta (abin da ya kamata ya sa ni taka-tsantsan, sai ya sa ni fankama). Saura jarrabawa ɗaya a sama. Malamina ya ce in ƙara kwana biyu ina gwaji, na ce masa gajimare ai duk ɗaya ne.

Babban kuskurena shi ne gaya wa Kawu Alhaji Mamman, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a Saint-Denis, gefen Paris, tun zuwana daga Damagaram. Na ce masa, "Kawu, sa hannu kawai za a yi." Ashe ya ɗauka da gaske. Ya sa babbar riga, ya biyo ni a jirgin ƙasa daga Paris, Hajiyarsa riƙe da kular dambu.

Mai jarraba ni wata dattijuwar Bafaranshiya ce, ba ta da yawan magana. Ta zauna a dama, ni a hagu, ta sa mini tabarau mai tare gani, ba abin da nake hange sai agoguna. Kusan awa guda komai lafiya, har na fara tsara yadda zan yi wa Kawu tawali'un ƙarya. Muka juyo za mu sauka. Muna dab da ƙasa ta ce, "Ɗauka ba ka ga titin sauka ba. Fasa sauka, tashi."

To, ga inda matsalar take. A jirgin fukafukai, hannun dama ke tura wuta gaba. A helikwafta kuwa, hannun hagu ke jawo wani sanda da ke gefen kujera, jirgi ya ɗaga. Kaina ya san bambancin, na rantse ya sani. Hannuna ne bai yi karatun ba. Ya saki sitiyari, ya gangara ƙasa, ya lalubo ƙarfe, ya ja da iya ƙarfinsa.

Ƙarfen gyara kujera ne.

Kujera ta zarce da ni baya, ƙafafuna suka bar feda suna lilo. Na kai hannu na cafko sitiyari, babban yatsana ya danne maɓallin rediyo, na kurma ihu da Hausa, "Wayyo Inna, na shiga uku!"

"Jirgi yana hannuna. Saki," in ji matar, muryarta kamar mai neman gishiri a tebur. Ta tura wuta, muka ɗaga. Sai na ji mutumin hasumiyar filin jirgi yana tambaya ta rediyo cikin ladabi ko za a maimaita saƙon, bai fahimta ba. Ta ce masa ba komai, ɗalibi ne yake gyara zama. Ɗalibi! Ita ta sauke mu, ni ina can baya kamar fasinja, na kasa ko jawo kujerar.

A ƙasa ta cike takardarta, ta ce in koma horo kafin a sake gwada ni. Layin jarrabawa kuwa ya wuce ƙarshen wata. Na san aikin ya tafi ke nan.

Na fito na tarar da Kawu a bakin shinge, ya ɗaga hannu biyu. "Barka, ɗana! Wannan saukar da ka yi, ko ƙwai ba zai fashe ba!"

"Kawu, ba ni na sauke shi ba."

"To wa?"

Na nuna masa dattijuwar tana tafiya da jakarta. Ya dube ta, ya dube ni, ya sauke hannuwansa a hankali. Hajiya ta ce, "Ku zo ku ci, kar ya huce." Na zauna a kan bencin tashar mota cikin farar rigata ta matuƙa, ina tusa dambu, hawaye na zuba a cikin cokali. Har muka iso Paris Kawu carbi kawai yake ja (na fi son da ya zage ni).

Kamfanin ya ɗauki wani. Na koma kan helikwaftana da ciwon bayana, kuma har yau ban sake yin rajistar jarrabawar ba, kullum sai in ce wata mai zuwa. Abin da na koya dai shi ne, ƙwarewa ba ta canza jirgi tare da kai, sai ka sake zama ɗan koyo ko kana so ko ba ka so. Kuma in za ka je jarrabawa, ka ce wa dangi asibiti za ka.