Ranar da Na Tuƙa Motar Kofur Iro

Ba zan taɓa mantawa da wani biki da na je a Runka ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin Turawa na nan, ni kuma ina sabon malamin elementare a Safana. Wani Baturen gona ya sauka a bariki ya bar tsohuwar mujalla, mai gadi ya ba ni in naɗe littattafai. A ciki na ga hotunan motocin tsere, 'yan sirara kamar kwalekwale, tayoyinsu huɗu duk a waje, mutum ɗaya tal a ciki. Na karanta abin da na iya (ba shi da yawa), sauran na cike da kaina.

Ranar bikin, an ɗaura aure, ana zaune gindin tsamiya ana shan fura, sai na buɗe baki. Na ce motocin tsere iri-iri ne. Na Amurka sun fi gudu, amma zagaye kawai suke yi kamar jaki a turke. Jajayen na Italiya ba su kai su gudu ba, sai dai hanyarsu kwana ce bisa kwana, sai gwani. Akwai kuma ƙanana na Ingila, na 'yan koyo. Malam Haladu, wanda nake neman 'yarsa Hajara, ya tambaye ni wacce ta fi wuyar tuƙi. Na gyara hula, na ce ni dai a hannuna, jar ta fi gardama.

A hannuna fa. Ni da ko keke sai an riƙe mini.

Akwai Kofur Iro a wurin, tsohon soja da ya yi direba a yaƙin Bama, shi ya kawo kayan amarya a babbar motarsa. Bai yi musu ba. Ya ce, "Malam, tunda Allah ya haɗa mu da gwani, taimaka ka matsar mana da ita inuwa."

Na hau, don idon suruki na kaina. Na ga ƙarafa birjik, na kama wanda ya fi kusa na sake shi. Ashe birkin hannu ne, ashe kuma wurin gangare ne. Motar ta kama tafiya da baya, injinta a kashe, a hankali kamar hawainiya. Ni kuwa na rungume sitiyari ina salati, ina ihu a kauce, ina roƙon a gaya wa innata ta yafe mini.

Wata tsohuwa ɗauke da tulu ta iso daidai taga. Ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi gida da 'yan makaranta. Na amsa mata duka cikin hawaye (gaisuwar babba ba a ƙin ta). Da ta gama, ta wuce ni ta yi gaba abinta.

Can motar ta je ta jingina da rumbun Malam Haladu. Jinkar ta zame ta faɗi, wata kaza ta fito tana mita. Malam Haladu ya taso a natse, ya dubi rumbunsa, ya dube ni, ya ce, "Sannu, Malam. Wannan kuma tuƙin wace ƙasa ne?"

Na auri Hajara dai daga baya, amma sai da na yi wa rumbun sabuwar jinka da hannuna, rabin Runka na kallo. Tun daga ranar, duk sanda ƙarya ta zo mini baki, nakan fara waigawa in ga ko akwai mota a ajiye kusa.