Layin Su Subai'atu

"...ya gajiyar hanya kuma? Wa ya kwance ka ka fito, tsoho?"

"Awon jini na zo, ba wajenki na zo ba."

Ƙarya yake yi, jininsa lafiya lau. Abin da ya sa kakan nan ya rufe shagonsa na gyaran agogo da hantsi, labari ne ya ji wai jikarsa, ungozoma a asibitin unguwa, ta datse sunan da ya raɗa mata. Subai'atu, sunan mahaifiyarsa, kuma duk dangi jikar kaɗai ta rage da shi. Bai gama zama ba kuwa wata mai shara ta leƙo ta ce, "Sista Subi, ana jiranki." Abin ya sosa masa rai ba kaɗan ba.

"Subi? Wannan sunan mage ne ko na sabulu?"

"Sunan da baki ke iya ɗauka ne. Kai ka ɗora min suna kamar buhun siminti, tun ina firamare nake dako. Malami ya ce Suwaiba, likita ya ce Subaita, wani ma atishawa ya yi na amsa."

"Bakinsu ne ya mutu. Ni da haƙorana uku ina faɗinsa daidai."

"Biyu dai. Na ukun yana hanyar faɗuwa."

"Ci gaba. Sakinki zan yi in auro mai cikakken suna."

"Wa za ta kwashi tsoho mai warin man agogo? Miƙo hannu."

Ya miƙa. Ta naɗa masa abin awo a damtse tana matsawa, shi kuma ya zuba wa bango ido. Can ya yi magana ƙasa-ƙasa, babu wasa a muryarsa.

"Uwata ce fa. In kika yar da shi, ranar da na mutu babu bakin da zai sake faɗinsa."

Ta kwance abin awon ta ninke.

"Jininka ya fi na likitanmu kyau. Taso ka riƙe min auduga, yau ranar rigakafi ce, kada ka yi zaman banza."

Ya biyo ta yana gunaguni har baranda, inda mata suka cika bencina, kowacce da jariri a cinya. Jikar ta gyara tsayuwa ta ɗaga murya.

"Maman Subai'atu."

Wata ta miƙe. Wata ma ta miƙe. Kafin tsoho ya rufe baki, biyu sun taso daga bencin baya, suna kallon juna suna dariya.

"Duk ni na karɓi haihuwarsu," in ji jikar. "Subi ta wajen aiki ce. Wadda ta tambayi cikakken sunana kuwa, cikakke nake ba ta."

Auduga ta faɗi daga hannunsa. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, sai ya wayance da goge tabarau.

"Wa ya ba ki izinin raba sunan uwata kamar alewa?"

"Ai kai ka kulle shi a shago shekara da shekaru. Ni na fito da shi ya sha iska."

Ya taka wajen ta farko. "'Yata, ya sunan jaririyar?"

"Subayatu, Baba."

"A'a, kada ki ja shi. Ɗan tsaya a tsakiya. Subai, atu. Sake."

Ta sake. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, layi ya tsaya cak, sai da kowacce ta faɗa daidai. Sannan ya dawo ya kwance agogon hannunsa, wanda ko 'ya'yansa bai taɓa bari sun taɓa ba, ya ɗaura wa jikar.

"Na janye sakin. Amma Subin nan fa?"

"Sai ka koya wa likita, shi ya fara ɓata shi a nan."

Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya, haƙora ukun duk a waje.

"Kin ci, Subai'atu. Nuna min ofishinsa."