Rasuwar Farin Kafet na Gidan Dare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haƙurin maƙwabta ya kasa sanyayawa, Malami Na'Allah, mazaunin unguwar Gidan Dare, akawu a wani ofishi da ke Sama Road, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar farin kafet ɗinsa. Ya cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar falo, bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara biyu da wata uku.

Marigayin ya iso garin nan daga Legas a bayan tirela, a shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowane ma'aikaci ke rububin rediyo da babur. Malami ya wuce waɗannan duka, ya saɓo shi a kafaɗa har gida. Kamili ne mai kawaici. Ba a san shi da magana ba sai ɗan "shuu" idan aka bi shi da burushi da safe, da "buf" guda ɗaya ranar Asabar idan aka kakkaɓe shi. Ranar da rediyo ya wayi gari da kiɗan soja, kafin Malami ya tambayi wa ya hau mulki, sai da ya naɗe shi ya tura ƙarƙashin gado. An tanade shi domin manyan baƙi, kuma ya jira su da haƙuri, ba su zo ba. Hatta Inna Iyatu, mahaifiyar Malami, idan ta zo daga ƙauye, tabarma ake shimfiɗa mata a bakin ƙofa, ta riƙa amsa gaisuwar ɗanta ta saman marigayin.

Ciwon ajali daga makaranta ya fito. Malama Hannatu, maƙwabciya, 'yar Zuru mai koyar da aji ɗaya, ta rasa ƙullun wasan nan na Turawa da yara ke gina tsuntsu da mota da shi. Sai ta kwaɓa nata da fulawa da gishiri, ta rina shi da jar galura irin ta masu fata. Delu, 'yar Malami mai shekara shida, ta dawo da dunƙulenta ranar Juma'a, ta tarar da falo a buɗe. Ta shiga ta zauna inda kakarta ba ta taɓa zama ba, ta gina 'yan mutane biyar ta jera. Daga baya ta ce baƙi ne ta yi wa kafet, tunda ba ya samu. Da ta ji ƙararrawar keken ubanta sai ta zabura, ta tattake su a guje.

Malama Hannatu ta shigo a lokacin. Ta ce, "Baban Delu, don Allah kada ku taɓa shi. Ku bari ya bushe, gobe farce ma ya ishe shi." Malami ya amsa mata cewa ba ya karɓar magani daga gidan da cuta ta fito. Ya sa aka tafasa ruwa, ya kwarara da hannunsa. Galura ta saki jiki, ta malala kamar an yanka rago a falo. Washegari ya sa matarsa Saudatu ta durƙusa da toka da sabulun salo da dutsen goge kaushi, har tafin hannunta ya saɓule. Rana ta uku ya tuna ya taɓa karantawa a wani tsohon littafi cewa ana cire kakin kyandir da takarda da guga, sai ya ɗora dutsen guga na gawayi. Nan marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe, "tsss", gida ya ɗauki ƙaurin roba. Aka kira Mode wanzami ya aske ƙunar. Da ya gama ya duba sanƙon da ya bari, faɗin faifai, ya ce, "Malam, shekara talatin ina aski, yau ɗai na aske wanda gashinai ba ya sake tohowa."

A gaban maƙwabtan da suka taru, Malami ya yanke hukunci: Delu ta gama da makaranta, ta gama da birni. Za ta bi kakarta ƙauye, inda ɗaki daɓen ƙasa ne, ta kwaɓa duk abin da take so. Inna Iyatu ta ce, "Malami, ɗiyar ga ƙullu ta aza mai, wuta kai ka aza." An yi mata uzuri saboda tsufa.

Malami mutum ne da ya bar makaranta a aji huɗu ya ƙarasa sauran da kansa, kuma ba abin da ke cin ransa kamar tambayar waye mai laifi. Da ya zo naɗe gawar shi kaɗai, ya janye kujera, sai ga baƙo na biyar a ƙarƙashinta, wanda ruwa bai kai gare shi ba. Ya bushe ƙayau. Malami ya sa farce, ya ɗago shi cak, har da 'yar hularsa. Wurin da ya zauna fari tas, kamar ranar da aka sauko da marigayin daga tirela. Malami ya daɗe a tsugune yana auna zancen. Wanda ya kawo ciwon da zai warke da kansa, da wanda ya kawo maganin da ya kashe, wa ke da jini a hannu? Ya san amsar, bai ji daɗinta ba. Amma ya lura cewa da yarinyar ba ta shiga ba, da ba a ɗora tukunya ba. Ya kuma lura cewa magana ta riga ta fita a gaban mutane, kuma bai kamata mutum ya rasa kafet da maganarsa a mako guda ba. Ba wanda ya gani. Ya jefa baƙon a aljihun riga.

Marigayin ya bar kujeru uku, da burushi, da ledar da ake lulluɓe shi. Ya bar Saudatu, wadda hannunta ke ɗaure da tsumma. Ya bar allo da rigar makaranta, waɗanda duk mai 'yar shekara shida zai iya zuwa ya ɗauka.

Za a fita da gawa ranar Alhamis da safe zuwa tasha. Siddiƙu, ƙanen Malami, zai karɓe ta a ƙauye ya yanka wa jakunansa akumari. Delu za ta tafi a mota ɗaya da marigayin, kuma an ba ta izinin zama a kansa har su isa. Zaman makoki a falo ne, a kan siminti, ana iya shigowa da takalmi. Ana roƙon Malama Hannatu ta yafe wa kanta zuwa. Masu ta'aziyya kuwa, idan yarinyar ta tambaye su ko sun ga baƙonta na biyar, su ce ba su gani ba. Haka mahaifinta ya gaya mata.