Yadda Ake Gyara Manhajar da Ta Ƙi Jinin Sunan Suruki

Kai mai rubuta manhajar kwamfuta, irin wadda ake girkawa a ofis ta zauna tana aiki ko babu intanet, matso kusa. Sunana Injiniya Jabir, shagona na nan Yelwa ta Yawuri a hanyar bakin ruwa, jikin mai gyaran injin kwale-kwale. Manhaja ba ta taɓa kunyata ni ba, domin kafin ta fara na riga na bar wurin. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, manhajarka sai ta gyaru ko tana so ko ba ta so. Sauran al'amuran rayuwarka kuwa, za mu zo kansu a ƙarshe.

Don kada ka ce da baki kawai nake yi, ga abokina Sufyanu, wanda ya bi shawarata tun daga farko har ƙarshe. Sufyanu na neman auren Zakiyya, 'yar Alhaji Ɗahiru mai injin casar shinkafa. Alhaji ya sa shi ya rubuta manhajar da za ta riƙa buga sitikar da ake manna wa buhu, da sunan mai kaya da takensa. Zakiyya ce ta kawo masa albishir a zaure: "Baba ya ce in na'urar ga ta yi aiki ranar buɗe sabon inji, ka turo manyanka." Ka ga ke nan aure ne ke rataye a jikin firinta.

Matsala guda ce. Da zarar Nasiru, akawun injin, ya rubuta sunan Alhaji ya danna, sai manhajar ta sandare, ta fito da wani ɗan akwati mai jan rubutu, ta mutu.

Mataki na 1: Kashe ka kunna

Kada ka tambayi komai tukuna. Ka ce a kashe a kunna. In an ce an yi, ka ce a sake, amma wannan karon a cire wayar daga bango, a jira ta huce. Rabin ilimin kwamfuta ke nan, ɗaya rabin kuma shi ne yadda za ka riƙe haɓa kana jiran ta taso.

Amfanin wannan mataki shi ne lokaci. Kwamfutar injin Alhaji tsohuwa ce, kafin ta gama tashi Sufyanu ya kan je masallaci ya dawo, har ya tsaya sayen soyayyen kifi.

Mataki na 2: Ka ce a taka kwamfutar tana aiki

Wannan magana gadonmu ce, kada ka bari ta ɓata a hannunka. Nasiru ya bugo waya yana huci: "Injiniya, ta sake macewa!"

"Mi ka rubuta mata?"

"Sunan Alhaji mana."

Sufyanu ya buɗe tasa kwamfutar, ya kai yatsa kan madanni, sai yatsan ya ƙi sauka. Ɗan mutunci ne, gidan tarbiyya ya fito. Ta yaya zai zauna ya jera sunan surukinsa harafi bayan harafi, kamar wani sa'ansa? Sai ya rubuta abin da ya saba rubutawa tun ranar da ya fara aikin: Baba. Ya danna. Sitika ta fito tsaf.

"To ga shi a tawa lahiya lau," in ji shi.

Lura da kyau, bai yi ƙarya ba. Masana na cewa ka gwada manhaja da ainihin abin da ya kashe ta. Masanan nan ba su da surukai a Yawuri.

Mataki na 3: Kada ka karanta jan rubutu

Ɗan akwatin da ke fitowa in manhaja ta mutu, an yi shi ne don tsorata baƙi. Rufe shi da sauri. In wani na tsaye bayanka, ka yi tsaki ka ce, "Na san shi." Kada ka faɗi inda ka san shi.

Sufyanu na da ƙarin dalili. Da ya je injin da kansa, aka kashe manhajar a gabansa, sai ga sunan Alhaji ɓaro-ɓaro a tsakiyar jan rubutun, babu Alhaji, babu Malam, tsirara haka. Ya kau da kai kamar wanda ya faɗa ɗaki ba sallama, ya lalubi linzamin kwamfutar ya rufe. Abin da wutsiyar idonsa ta kama kawai shi ne harafin farko mai ƙugiya, da alamar tambaya a gefensa. Akwai sauran bayani a ƙasa, amma wa zai tsallake sunan suruki ya je karanta bayani?

Mataki na 4: Nemo mai laifi wanda ba ya iya magana

Zafi yana nan, raɓar tafki tana nan, ƙaiƙayin shinkafa ya cika ko'ina. Zaɓi wanda ya yi maka. Ɗauke wuta ma abokin tafiya ne, ba ya taɓa musanta abin da ka ɗora masa. In duk sun ƙare ka ce bairos ne ya shigo ta filashin wani, ka kalli wanda ba ka so.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka: kada ka fassara kalmomin sana'a a gaban mai shinkafa. Mu a bakin aiki kuskuren cikin manhaja ƙwaro muke ce masa. Sufyanu ya yi suɓul da baka ya ce akwai ƙwaro a ciki. Kafin la'asar Alhaji ya sa an fito da kwamfutar an shanya a rana kan tabarma, an barbaɗe kewayenta da maganin ƙwarin hatsi. Ta ƙara zafi, ba ta ƙara hankali ba.

Mataki na 5: Yi bayani ba tare da ka faɗi komai ba

Wata rana mai kaya zai zaunar da kai. Alhaji ya kira Sufyanu ƙarƙashin rumfa, ga Nasiru da kwamfuta a gefe.

"Sufyanu, wanga ƙwaro naka, ina shika kwana?"

Sufyanu na durƙushe, ido a ƙasa. "Cikin wani harahi, Baba."

"Wane harahi?"

"Na farkon suna."

"Sunan wa?"

Sufyanu ya ƙara sunkuyawa. Me zai ce? Sunanka ne ke kashe ta? A gidan mutum, a kan tabarmarsa? Sai ya ce, "Sunan... Baba."

"To, Nasiru, rubuta Baba mu gani."

Nasiru ya rubuta, ta buga. Alhaji ya ce a rubuta buhu, ta buga. Bashir, ta buga. Alhaji ya tafa hannu ya ce ashe rana ta kashe ƙwaron. Nasiru ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna shi ma albashi yake ci, ya mayar ya rufe. Taro ya tashi kowa na murna, manhaja na nan yadda take.

Tun dare bai yi ba Sufyanu ya kai kuka wurin Zakiyya, ya roƙe ta ta zo ta rubuta sunan da hannunta ya ga abin da ke faruwa. Ta zaro ido: "Ni? Sunan Baba? Inna ma ba ta hwaɗi nai, sai ni? Kai dai ka duba aikinka da kyau, don Allah. Na riga na gaya ma ƙawayena."

Mataki na 6: Sa mata sandar jira

In ba ka iya hana ta mutuwa ba, ka sa ta mutu cikin mutunci. Zana wata koriyar sanda mai tafiya a hankali, ka rubuta a ƙasa: Ana aiki, a yi haƙuri. Mutanenmu sun saba jiran kwale-kwale ya cika a Warra, ba sandar kwamfuta ce za ta gagare su ba. Jan rubutun kuma ka sauya shi da Alhamdu lillahi. Sitika ba za ta fito ba, amma babu wanda zai yi wa Alhamdu lillahi tsawa.

Mataki na 7: Aske ƙugiya

Yanzu mun zo kan ainihin gyara, kuma nan ne na sa hannuna mai albarka. Da Sufyanu ya ba ni labarin harafin da ya hango, nan take na gane. Manhajarsa ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, da ta ga ɗ ko ƙ ko ɓ sai ta shaƙe kamar wadda ta haɗiyi ƙayar kifi.

Akwai hanyar koya mata su, an ce ma ba ta da wuya, amma sai an yi karatu. Mu kuwa buɗe inji ya matso. Na ce masa ya sa manhajar ta aske duk wata ƙugiya kafin ta buga. Ɗ ta koma D, ƙ ta koma k, kowa ya huta. Ai haka muke rubutu a waya, wa ya mutu?

Ya gwada da ɗanwake, ta buga danwake. Ya gwada da ƙosai, ta buga kosai. Muka ci abin da muka gwada da shi, muka tashi. Ainihin sitikar kuwa bai duba ba, tunda ka san sunan da ke kanta. Ya bar wa Nasiru ya rubuta suna da take. Nasiru ɗan zamani ne, idonsa ya saba da rubutun waya, ya buga ya manna wa buhuna tun da safe bai ga komai ba.

Mataki na 8: Ranar buɗewa, tsaya kusa da ƙofa

Wannan ne kaɗai matakin da Sufyanu ya saɓa. Ya sa sabuwar shadda ya zauna a gaba.

An cika. Dillalai daga Shanga, masu jirage daga Warra, mata masu turara shinkafa da shugabarsu Hajiya Tamada. Zakiyya na leƙe ta tagar ofis. Taken Alhaji kuwa kowa ya san shi, tun zamanin mahaifinsa ake kiran gidan da shi saboda albarkar hatsi: Gidan Ƙaruwa.

Aka ɗora buhu ɗaya a gaban liman don ya sa albarka. Liman mutum ne mai ba kowane harafi haƙƙinsa, abin da aka rubuta shi yake karantawa. Ya gyara tabarau ya ɗaga murya: "Shinkafar Alhaji Dahiru, Gidan Kar..." Ya tsaya. Ya matso da fuska. Ya yi tari, ya nemi tsari, ya cire tabaran ya sa a aljihu.

Hajiya Tamada ta miƙa wuya ta karanta, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga nan abin ya bi layi. Wani mai jirgi ya ce, ba da mugun nufi ba, ai kwale-kwalen farko ya riga ya tashi da buhunan.

Alhaji ya duba sitikar ya daɗe. Bai ɗaga murya ba.

"Sufyanu, taho. Karanta muna abin da na'urarka ta rubuta."

Sufyanu ya durƙusa gaban buhun. Layin sama sunan da ba ya iya faɗa, layin ƙasa kalmar da ba a faɗa a gaban liman. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba..."

"A'a," in ji Alhaji a hankali. "Bar wahal da kanka. Daga yau kana iya kiran sunana, na yahe maka. Ɗahiru na, da ƙugiyarsa."

Aka ja labulen tagar ofis. Ni da ke bakin ƙofa na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji ƙafata ta kama hanya.

Mataki na 9: Girbe nasara

Washegari Sufyanu ya zo shagona ido jawur. Ya mayar da ƙugiyoyin da jan rubutun yadda suke, ya zauna ya rubuta sunan da yatsunsa, harafi bayan harafi, tunda yanzu babu abin da ya hana. Manhaja ta mutu, jan rubutu ya fito, ya karanta shi har ƙasa a karo na farko. Ashe tun ranar farko akwatin nan yake faɗin layin da za a gyara da abin da za a sa a wurin. Ya gyara kafin shayinsa ya huce. Sitika ta fito da Ɗ da Ƙ, kowace da ƙugiyarta kamar an zana da hannu.

Ka gani? Na ce maka za ta gyaru.

Sanarwar wanke hannu

Ni Injiniya Jabir manhaja na yi alkawarin gyarawa, kuma ta gyaru, har yau da ita injin Alhaji ke buga sitika. Babu ruwana da fasa aure, ko shanya kwamfuta, ko buhunan da suka riga suka haye ruwa, ko sunan da matan kasuwar Warra suka laƙaba wa wata shinkafa. Wanda ya kwafe wannan jagora a na'urar da ba ta san ƙugiya ba, abin da ya karanto shi da limaminsa. Kada kuma a kawo mini ƙorafi a kan Sufyanu. Yana nan lafiya, yana cin abinci, an ba shi izinin kiran suna a gaban shaidu. Sai dai har yau in zancen Alhaji ya taso, Baba yake cewa, ya kalli ƙasa. Na ce ya kashe ya kunna, ya ce ya gwada. Wannan kuma ba fannina ba ne.