Tashar da Jemage Ya Kamo a Kicin

Ya mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa ilimi da natsuwa, ina roƙonka ka gyara zama, domin ni ba mutum ne mai ɗaukar alƙalami a kan ƙaramin abu ba. Na shugabanci makaranta har na yi ritaya, yanzu kuma ina shugabantar ƙungiyar masu sha'awar rediyo, kuma a duk wuraren biyu ban taɓa gamuwa da mai cika baki irin wanda muke kira Jemage ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, wai saboda kaifin ji. Ya sha gaya mana cewa, "Ni ko sauro ya yi atishawa a bayan teku, eriyata za ta kamo shi, in faɗa muku mura ce ko yaji ya shaƙa."

Wajibi ne in fayyace maka aikinmu. Akwai zangon rediyo na can ƙasa ƙwarai, inda saƙo ke tafiya nesa amma ya iso a galabaice, ya nutse cikin hayaniya. Dabararmu ita ce kowa ya naɗa a gidansa, sannan a ɗora naɗe-naɗen bisa juna a kwamfuta. Hayaniyar kowane gida daban take, sai ta kashe juna. Saƙon kuwa iri ɗaya ne ko'ina, sai ya yi ƙarfi ya bayyana.

To, aminina, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda muka kafa ƙungiyar tare, ya koma ƙasa mai nisa wurin 'ya'yansa. Ya sanar da mu zai aiko saƙo na ƙarshe kafin a kwance eriyarsa, domin za a mai da shi gidan bene inda ba filin kafa ta. Idan muka rasa wannan, ba wani. Kowa ya naɗa, ya kawo ɗan katin kwamfutar da ya adana naɗin a ciki. Jemage ya tattara su ya ce, "Ranka ya daɗe, ku je ku huta. Haɗawar nan ni a wurina kamar shan shayi ce."

Bayan mako ya tara mu a falonsa, ya sha babbar riga, ya nuna mana allon kwamfuta. Ga wani layi mai kauri, yana fitowa yana ɓacewa.

Likita, ma'ajin kayan aikinmu, ya gyara tabarau ya ce, "Saƙon da ya ƙetaro teku ne ya yi wannan ƙiba?"

Jemage ya ce, "Hannun gwani ne, Likita. Ku a allura kuka ƙware."

Na ce, "Me aminina ya ce?"

"Ranka ya daɗe, kunya nake ji. Yawanci yabona ne. Kai, har yanzu ma yana maimaitawa saboda ni." Ya jona eriyarsa kai tsaye, sai ga layin ɓaro-ɓaro. Na yi mamaki, domin a sanina an riga an kwance eriyar aminina.

Muna cikin kallo, layin ya ɗauke ɗif.

Jemage ya ce, "Ya tafi cin abinci."

Sai ga wani siririn layi yana tsalle.

"Ya dawo, ya sauya zango. Ni kaɗai na san wannan dabara tasa."

Nan matarsa ta leƙo daga kicin ta gaishe mu, ta ce, "Maigida, na cire firji na jona dutsen guga. Soket ɗin ɗaki tun da ka gyara shi bai sake aiki ba."

Likita ya ce, "Uwargida, don Allah mai da firjin mu gani."

Ta mayar. Layin mai kauri ya dawo da ƙibarsa. Ta cire, ya tafi. Ta sake mayarwa, ya dawo. Na miƙe da kaina na bi wayar eriyar, na tarar gogan ya ɗaure ta a ƙusa, taƙi ɗaya daga bayan firjin.

Na dawo na ce, "Ko da haka ne, sauran naɗe-naɗen ya kamata su kashe wannan gurnani. Ina katunanmu?"

Jemage ya fara share gumi da hannun riga. Matarsa ta ce, "Waɗannan 'yan ƙananan? Suna cikin gwangwanin madara. Tun da ya zuba su bai taɓa ba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, naku duk hayaniya ce. Nawa ne kawai ke da layi. Shi ne na kwafe shi sau goma na haɗa."

Na ce, "Wato ka kira shaida ɗaya, maƙaryaci, ka tambaye shi sau goma, ka ce shaidu goma sun yarda."

Likita ya karɓi kujerar gaban kwamfuta, ya ɗora naɗe-naɗen kowa ban da na mai gida. Muka sha shayi, kwamfuta na ta aiki. Can sai haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, siraran gaske, daga hannun aminina. Na tashi tsaye don girmamawa, na karanta da ƙarfi: "SAI WATA RANA. KADA KU BA JEMAGE KATI."

Ba na son dariya a taro, amma ranar sai da na nemi bango na dafa. Jemage ya buɗe baki ya ce, "Kun gani dai, ni kaɗai ya ambata da suna."

Saboda haka, bisa ikon da ƙungiya ta ɗora mini, na ci shi tara kamar haka: shekara guda cur, a kowane taro, zai kawo mana ruwan sanyi daga wannan firji, ya raba da hannunsa, kasancewar ita ce tasha ɗaya tak da ya taɓa kamowa.