Na Gyara wa Maƙwabciya Esi

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Shi ya sa da esin ɗakina da ke titin Huanshi Lu, can ƙasar waje inda nake kasuwanci, ya daina sanyi, ana gobe Kawu zai sauka daga Kano, ban kira mai gyara ba. Kawu tsoho ne, zafi na hana shi barci, kuma na riga na ce masa ɗakin kamar firji yake.

Da farko na tambayi mai gidan wanne ne nawa cikin akwatunan esi huɗu da ke jere a baranda. Ya ce na farko. Abu na biyu, na sayo sabon injin fanka. Abu na uku, na yi bisimilla na fara daga dama, yadda aka koya mana fara komai.

Sani, abokin kasuwancina, ya leƙo ya ce, "Malam, ka tabbata wannan ne?"

Na ce, "Tsaya gefe ka koyi aiki."

Na cire tsohon injin, na ɗaura sabo, na mayar da kusoshi bi da bi. Na kunna esin ɗakina, shiru. Ashe mai gidan daga hagu yake ƙirge. Esin tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni na gyara, wanda ya daɗe yana ƙara. Har lemo ta kawo mini na godiya. Kawu kuwa da kwali ya yi ta fifita.

Har yau in ya kira waya, kafin ya tambayi iyalina sai ya ce, "Injiniya, maƙwabciyar tana samun sanyi dai ko?"