Cindo da Rumbun Garuruwa Uku

A Funtuwa akwai gidan Inna Kulu, mai tuyar masa, da 'ya'yanta biyu, Sagiru mai kaifin kai da ƙaninsa Cindo, wanda duk abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da mahaifinsu ya rasu, gidan ya yi shiru har ana jin ɗigar randa, sai Kawu Tukur ya ɗauke su aiki a ɗan ofishinsa na rubuta manhaja. Wani asibiti ne ke son ajiye bayanan marasa lafiya a na'urori uku, a Kano, Zariya da Gusau, kowane bayani kwafi uku. Aikinsu su rubuta manhajar da za ta yi magana da na'urorin kai tsaye. Sagiru ba abin da yake so illa ya ga sunansa a saman aikin.

Wata rana Kawu ya ce, "Cindo, in na'ura ba ta amsa ba, a sake tambayarta." Cindo ya rubuta haka, bai sa iyaka ba. Aka ɗauke wuta a Zariya, tana dawowa na'urar ta tarar da tambaya miliyan biyu na jiranta, ta sake sumewa. Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Laifina ne, ban ce sau nawa ba." Sagiru ya koma kan kwamfutarsa. Da shi ne, da ya sha faɗa.

Wata rana kuma Kawu ya ce a rubuta bayanin aikin yadda ko Inna za ta gane. Cindo ya kai kwamfuta bakin tanda, layi-layi yake karanta mata, ba ya wucewa sai ta ce ta gane.

"To ita ta Zariyar in ta suma, wa ke yayyafa mata ruwa?"

"'Yan'uwanta biyu ke riƙe mata aiki, Inna."

Mako uku aka yi, masa ta ƙone sau huɗu. Kawu ya karanta, ya ce bai taɓa ganin bayani mai daɗinsa ba. Sagiru ya ƙi cin tuwo ranar.

Wata rana, saura kwana biyu a miƙa aiki, Sagiru ya ce bari ya kunyata shi. "Cindo, cire na'urar Kano mu ga ko sauran za su riƙe." Ya san Cindo bai iya yin haka daga ofis ba. Cindo ya hau mota, ya je Kano, ya zare wayar da hannunsa. Nan take komai ya tsaya cak. Ashe ɓangaren da Sagiru ya rubuta a Kano kaɗai yake ajiye bayani, Zariya da Gusau fayau suke.

Da Cindo ya dawo, Kawu ya dafe kai. "Da an riga an zuba bayanan marasa lafiya fa? Cindo, hau saman aikin ka rubuta sunan wanda ya cece mu."

Cindo ya zauna, wayar Kano na rataye a wuyansa, ya rubuta: Sagiru.

"Kai, me ka yi?"

"Ai Yaya ne ya aike ni, Kawu."

Sagiru ya daɗe yana kallon sunansa a wurin da yake so, ya kasa ɗaga ido ya dubi ƙaninsa.